Yadda Ake Warware Kwantiragin Ɗan Ƙwallo Idan Zai Sauya Ƙungiya, da Rabon Ƙungiyoyinmu a Cikin Cinikin

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ake kwance tsohuwar yarjejeniyar ɗan ƙwallo, a ƙulla sabuwa, lokacin da zai tashi daga wata ƙungiya zuwa wata. An dogara da dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, da hukunce-hukuncen kotuna a kan Bosman da Webster da Matuzalem da Diarra, da kuma tarihin cinikin wasu 'yan wasan Afirka ta Yamma. Maƙalar ta tsaya a kan cewa kuɗin da ake shelantawa farashi ne na kwanakin da suka rage a kwantiragi, kuma duk mai rabo a cinikin takarda ce ke ba shi rabonsa. A nan ne ƙungiyoyinmu da makarantun renon 'yan wasa suke asara.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a ranar da za a rufe kasuwar 'yan wasa ya ji yadda ake cacar baki a kan farashi. Wane ya yi tsada, wane an yi arha da shi. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne abin da aka biya kuɗin dominsa. Ɗan wasa ma'aikaci ne, ya sa hannu zai yi wa ƙungiya aiki na wasu shekaru, kuma sunansa yana cikin rajistar hukumar ƙwallon ƙasar a ƙarƙashin wannan ƙungiya. Mai son ɗaukarsa kafin wa'adin ya cika dole ya lallashi ƙungiyar ta yarda ta kwance yarjejeniyar ta saki rajistar. Kuɗin lallashin nan shi ne miliyoyin da muke ji a rediyo. Abin ya yi kama da hayar shago a kasuwa: wanda ya rage masa shekara huɗu zai yanka wa mai son wurin farashin da ya ga dama, wanda ya rage masa wata biyu kuwa ba shi da bakin ciniki.

2.0 Tushen dokar

Kafin 1995, ƙungiyoyin Turai na iya riƙe ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, sai an biya su. Wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ne ya rusa wannan. Kwantiraginsa da RFC Liège ya ƙare a 1990, ya sami ƙungiyar Dunkerque a Faransa, ciniki ya lalace saboda kuɗi, aka rage masa albashi aka ajiye shi. Ya kai ƙara, kuma ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda wa'adinsa ya cika yana da 'yancin tafiya wata ƙasar ta Tarayyar ba tare da an biya ko sisi ba. Shi kansa bai ci moriyar nasarar ba, domin shari'ar ta cinye masa shekarun wasa.

Bayan haka FIFA ta zauna da hukumomin Turai, a 2001 aka fito da kundin dokokin matsayi da sauyin sheƙar 'yan wasa, wanda ake ta yi wa kwaskwarima har yau. Kundin ya ce kwantiragi ba zai wuce shekara 5 ba, sai inda dokar ƙasa ta yarda da fiye da haka. Yaron da bai kai 18 ba, ba za a ɗaure shi fiye da shekara 3 ba. Idan saura wata 6 wa'adi ya cika, ɗan wasa na iya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya tun kafin ya bar inda yake. Wannan wata shidan ne ke sa ƙungiya ta fara rawar jiki da zarar ta ga saura shekara ɗaya: ko ya sabunta, ko a sayar da shi yanzu, ko a wayi gari ya tafi kyauta kamar yadda Kylian Mbappé ya bar PSG zuwa Real Madrid a 2024.

3.0 Yadda cinikin ke tafiya

A ƙa'ida, ƙungiyar da ke son ɗan wasa za ta fara sanar da ƙungiyarsa a rubuce kafin ta yi magana da shi. A aikace kowa ya san wakilai sun gama ƙus-ƙus tun kafin wasiƙar ta isa. Wani lokaci akan kama wani, kamar yadda aka ci tarar Chelsea fam 300,000 a 2005 saboda ganawa da Ashley Cole a asirce yana ɗan wasan Arsenal.

Takardu uku ne ginshiƙin cinikin. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin biyu, akwai sabon kwantiragin ɗan wasa, akwai kuma takardar rabuwa da tsohuwar ƙungiya. Ta farko ce ta fi ɗaukar lokaci, domin ba kasafai ake zube kuɗin gaba ɗaya ba. Akan raba shi kashi-kashi cikin shekara biyu zuwa biyar. Sannan ga tsarabe-tsarabe: ƙarin kuɗi idan ya buga wasa kaza, ko ya ci ƙwallo kaza, ko ƙungiyar ta shiga gasar zakarun Turai. Mai sayarwa kan nemi a rubuta masa wani kaso na duk abin da za a samu idan aka sake sayar da ɗan wasan, kuma a nan kalma ɗaya na iya zama miliyoyi, domin kashi 20 na farashin gaba ɗaya daban yake da kashi 20 na ribar da aka samu. Babbar ƙungiya kuma kan sa sharaɗin cewa tana iya dawo da yaronta a kan farashin da aka yanka tun yanzu.

Wani lokaci ana haɗawa da musaya, kuma nan ne lissafi ke yin duhu. Da Napoli ta ɗauki Victor Osimhen daga Lille a 2020 a kan kusan yuro miliyan 70, an saka mai tsaron gida Orestis Karnezis da wasu matasa uku a cikin cinikin, aka ƙiyasta su a kan kimanin yuro miliyan 20. Matasan uku ba su taɓa buga wa Lille wasa ba, kuma masu gabatar da ƙara a Italiya sun binciki al'amarin.

Takarda ta biyu ta ƙunshi albashi, da kuɗin sa hannu, da ladan cin wasa, da haƙƙin amfani da hoto da sunan ɗan wasa a talla, wani lokaci har da rage albashi idan ƙungiya ta faɗo daga gasa. Ta uku kuwa ita ce ba a cika labartawa ba, alhali nan ake warware tsohon lissafi: albashin da ake bin ƙungiya, da ragowar kuɗin sa hannu, da ladan daɗewa. A Ingila, wanda ya rubuta da hannunsa cewa yana son a sayar da shi yakan rasa wasu daga cikin waɗannan haƙƙoƙi, shi ya sa za ka ga ɗan wasa yana ƙin fita atisaye, yana aika saƙo ta bakin 'yan jarida, amma ba zai rubuta takardar ba. Idan kuma ƙungiya ce ta gaji da shi, ita ke biya: ko ta ci gaba da cika masa wani ɓangare na albashi a sabon wurinsa, ko a raba gari cikin yarda, kamar yadda Cristiano Ronaldo da Manchester United suka yi a Nuwamban 2022.

Gwajin lafiya na zuwa kafin sa hannu, kuma akwai dalili. Dokar FIFA ta hana a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon gwaji ko samun izinin aiki. Da zarar an sa hannu, ƙungiya ta ɗauka ke nan, da lafiya ko babu. Labarin Nwankwo Kanu ya isa misali: bayan gasar Olamfik ta 1996 ne likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa, alhali ya riga ya zama nasu, sai da aka yi masa tiyata a Amurka.

Matakin ƙarshe na kwamfuta ne. Tun Oktoban 2010, duk cinikin da ya tsallake iyakar ƙasa sai an shigar da shi na'urar FIFA da ake kira TMS. Kowace ƙungiya za ta shigar da bayananta ita kaɗai: farashi, ranakun biya, asusun banki, wakilai. Sai bayanan biyu sun yi daidai sannan hukumar tsohuwar ƙasa ta saki takardar izinin sauya ƙasa. Na'ura ba ta jin magiya. Ranar 31 ga Agustan 2015 cinikin David de Gea daga Manchester United zuwa Real Madrid ya mutu saboda takardu sun makara. A 2017 Leicester City ta makara da daƙiƙa 14 wajen rajistar Adrien Silva, ya zauna ba wasa har watan Janairu. Mafi ciwo shi ne na Emiliano Sala, wanda ya rasu a hatsarin jirgi ranar 21 ga Janairun 2019 a hanyarsa daga Nantes zuwa Cardiff. Cardiff ta ce ciniki bai kammala ba. FIFA ta duba takardu ta ce ya kammala, ta umarce ta da biyan kashin farko, yuro miliyan 6 daga cikin 17, kuma kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta Lausanne ta tabbatar da hukuncin a 2022.

4.0 Idan ƙungiya ta ƙi sayarwa

A Sifaniya wata doka ta 1985 ta ba ɗan wasa damar fansar kansa, shi ya sa kwantiragi a can yake ɗauke da farashin fita. Ta wannan ƙofa Neymar ya bar Barcelona a Agustan 2017, aka biya yuro miliyan 222 ba tare da an tambayi ra'ayin ƙungiyar ba. Har yau babu cinikin da ya kai shi.

Inda babu irin wannan sharaɗi, sai sashe na 17 na kundin FIFA, wanda ya yi magana a kan karya kwantiragi ba da hujja ba. Akwai lokacin kariya: shekara 3 na farko ga wanda ya sa hannu kafin ya cika 28, shekara 2 ga wanda ya haura. Wanda ya karya a cikin wannan lokaci za a dakatar da shi wata 4, ƙungiyar da ta zuga shi kuma a hana ta sayen 'yan wasa a kasuwa biyu a jere. Bayan lokacin kariya sai diyya kawai. To amma nawa? Nan ne gizo ke saƙa. Andy Webster ya bar Hearts ta Sukotlan zuwa Wigan a 2006, kotun Lausanne ta ce ya biya fam 150,000, wato kusan albashin da ya rage masa. 'Yan wasa suka yi murna, ƙungiyoyi suka firgita. A 2009 kotun nan dai ta yanke wa ɗan Brazil Matuzalem, wanda ya bar Shakhtar Donetsk zuwa Real Zaragoza, diyyar da ta kusa yuro miliyan 12. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa. A ganina rashin tabbas ɗin nan ya fi dakatarwa tsoratarwa, domin babu lauyan da zai iya gaya wa ɗan wasa abin da zai biya kafin ya ɗaga ƙafa.

Lassana Diarra ne ya sake tayar da ƙurar. Ya ɓata da Lokomotiv Moscow a 2014, FIFA ta ɗora masa yuro miliyan 10.5. Charleroi ta Beljiyam ta so ɗaukarsa, ta janye don tsoron kada a haɗa ta da bashin. Ranar 4 ga Oktoban 2024 kotun Tarayyar Turai ta ce wasu sassan dokar sun saɓa wa 'yancin ma'aikaci na neman aiki da dokar gasa a kasuwa, musamman ɗora wa sabuwar ƙungiya bashi kai tsaye da kuma riƙe takardar izinin sauya ƙasa. A Disambar 2024 FIFA ta fito da ƙa'idojin wucin gadi, waɗanda suka mayar da nauyin kawo hujjar zuga a kan tsohuwar ƙungiya.

Akwai kuma wata ƙofa da ta fi shafar 'yan wasanmu. Tun 2018, idan ƙungiya ta riƙe albashin wata 2, ɗan wasa zai rubuta mata ya ba ta kwana 15. Idan ba ta biya ba, yana da hujjar tafiya, kuma ita za ta biya diyya. Yaranmu da yawa da ke wahala a ƙananan ƙungiyoyin gabashin Turai da Asiya da arewacin Afirka ba su san da wannan ba. Sukan tattara kaya su gudo ba tare da rubuta wasiƙar ba, sai mai gaskiya ya koma mai laifi.

5.0 Masu cin la'ada da masu lissafi

FIFA ta ce a 2023 an kashe dala biliyan 9.63 a cinikin 'yan wasa tsakanin ƙasashe, wakilai kuma suka karɓi dala miliyan 888 daga hannun ƙungiyoyi. Juventus da bakinta ta ce wakili Mino Raiola ya sami yuro miliyan 27 a cinikin Paul Pogba na 2016. A 2023 FIFA ta yi ƙoƙarin ƙayyade la'ada, kashi 10 na farashi ga wakilin mai sayarwa, amma kotuna a Turai suka taka mata burki, ta dakatar da ƙa'idar. Abin da ta yi nasara a kai shi ne hana 'yan kasuwa mallakar wani kaso na farashin ɗan wasa, daga watan Mayun 2015, shekaru bayan badaƙalar irin wannan mallaka a kan Carlos Tevez da Javier Mascherano a West Ham.

Tsawon kwantiragi ma wani lokaci akanta ne ke yanka shi. A littafin ƙungiya ana rarraba farashi a kan shekarun yarjejeniya. Da Chelsea ta ba Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk shekara takwas da rabi a 2023, dabarar ke nan: nauyin kowace shekara ya yi sauƙi. Cikin watanni hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta toshe ƙofar, ta ce rarrabawar ba za ta wuce shekara 5 ba.

6.0 Rabon wanda ya reni yaro

Wannan sashe shi ne dalilin rubuta maƙalar. Doka ta hana kai yaro wata ƙasa kafin ya cika 18, ban da wasu 'yan togace-togace, kuma an hukunta Barcelona da Real Madrid da Atlético Madrid da Chelsea a kan haka. Ahmed Musa, bayan ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Ma'anar wannan ita ce shekarun reno, daga 12 zuwa 17, kusan duka a gida ake yin su, kuma doka ta yi musu kuɗi iri biyu.

Na farko diyyar horarwa, wadda ake biya ranar da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, da duk lokacin da ya sauya ƙasa har ya kai 23. Ana lissafa ta da ma'aunin ƙungiyar da ta ɗauke shi. A Turai ma'aunin ya kama daga yuro 10,000 a shekara ga ƙaramar ƙungiya zuwa 90,000 ga manya. Mu ɗauka wata makarantar ƙwallo a Kano ko Maraɗi ta riƙe yaro daga 12 zuwa 17, ya tafi ƙungiya mai daraja ta biyu, wadda ma'auninta 60,000 ne. Shekaru huɗun farko ana lissafa su a kan 10,000, biyun ƙarshe a kan 60,000. Jimla yuro 160,000.

Na biyu kuɗin haɗin kai: kashi 5 cikin 100 na farashin ciniki, ana raba wa ƙungiyoyin da suka riƙe shi daga 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. Idan aka sayar da shi yuro miliyan 10, wanda ya riƙe shi yana 16 da 17 kaɗai yana da 100,000. Wannan kuwa ba sau ɗaya ba ne, duk sayarwa sai an cire. Musa ya tashi daga Venlo zuwa CSKA Moscow a 2012, zuwa Leicester a 2016 a kan abin da ya haura fam miliyan 16, zuwa Al Nassr a 2018. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ya bi ta makarantar Right to Dream zuwa Nordsjælland, zuwa Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Kowane mataki kuɗi ne ga masu reno, har da na ƙarshen da aka yi a cikin Ingila, domin tun 2020 dokar ta haɗa da cinikin cikin gida idan wanda ya yi renon yana wata ƙasa.

FIFA da kanta ta amsa cewa kaɗan ne daga cikin wannan kuɗi yake isa ga masu shi, shi ya sa ta buɗe ofishin tantance biya a Paris a Nuwamban 2022. Yanzu na'ura ce ke haɗa tarihin rajistar ɗan wasa, ta fitar da rabon kowa, mai saye ya biya ofishin, ofishin ya tura wa mai haƙƙi bayan ya tantance shi da asusunsa. Tsari ne mai kyau, amma yana da sharaɗi ɗaya mai tsauri: abin da ke cikin rajista kaɗai na'urar ta sani. Kocin unguwa da ya sayi takalmi da aljihunsa, ya ciyar da yaro shekara biyar a filin makarantar firamare, idan ƙungiyarsa ba ta da rajista da hukumar ƙwallon ƙasa, ko tana da ita amma ba a shigar da sunan yaron ba, to a wurin na'ura bai reni kowa ba. Kason shekarun da babu hujjar mai su, ko dai ya faɗa hannun hukumar ƙasa a wasu yanayi, ko ya salwanta.

Sai kuma matsalolin da muka jawo wa kanmu. Yaro ɗaya da ranar haihuwa biyu da suna uku. Kwantiragin kaka ɗaya-ɗaya a gasar cikin gida, wanda ke sa gwarzon ƙungiya ya tafi kyauta a daidai lokacin da darajarsa ta tashi. Da kuma takardar yafe diyyar horarwa da wakili kan kawo yana cewa Turawa ba za su ɗauki yaron ba sai an sa hannu. Wani lokaci gaskiya yake faɗa, amma mai wayo ba ya yafewa haka kawai, sai an rubuta masa kaso a sayarwa ta gaba. Wanda ke shakkar darajar sa hannu ɗaya ya tuna da John Mikel Obi, yaron Jos. A 2005 Manchester United ta ce ya sa mata hannu daga Lyn ta Norway, Chelsea ta ce nata ne. A Yunin 2006 Chelsea ta biya fam miliyan 16: miliyan 4 ga Lyn, miliyan 12 ga United, wadda bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba.

Don haka ina kira ga hukumomin ƙwallon jihohi da su sauƙaƙa rajistar ƙungiyoyin unguwa, su shigar da kowane yaro na'ura tun yana 12, da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Manyan ƙungiyoyinmu, waɗanda yawancinsu gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, su ɗauki ma'aikaci guda wanda aikinsa kawai bin sawun tsofaffin 'yan wasansu a TMS, su kuma daina ba matashi mai tasowa kwantiragin kaka ɗaya. Iyaye da kociyoyi kuwa, kada su sa hannu a takardar da ba a karanta musu ita da harshen da suke ji ba, kuma kada su bar wurin sai da kwafinsu a hannu.